Kiran Inna a Cikin Turmai

Kurfi zuwa Dutsin-Ma

Ana sallame sallar asuba muka bar Kurfi, ni da mahaifiyata da jaki ɗaya, a kakar da gero ya yi kyau. Niyyar da muka faɗa wa mutane ita ce Makka, kuma gaskiya muka faɗa. Amma duk wanda ya rako mu bakin gari ya san akwai niyya ta biyu, sai dai ba mai furta ta a gaban Inna. Yayana Haruna za mu nemo.

Haruna shi ne ɗan farinta. Ana yaye shi aka kai shi gidan baffanmu a Birchi, kamar yadda aka saba, can ya girma. Da Nasara suka shigo ƙasar Katsina, baffa ya ce shi kam ba zai zauna ƙarƙashinsu ba, ya bi masu hijira gabas, ya tafi da Haruna yana saurayi ko gemu bai fara ba. Ni a lokacin ban wuce a aike ni ɗebo wuta maƙwabta ba. Baffa ya rasu a hanya, labari ya yanke shekara da shekaru, har mahaifinmu ya koma ga Allah bai ji ɗuriyarsa ba.

Sai ga Alhaji Mati na Rawayau ya dawo daga aikin hajji, ya ce ya ga Haruna da idonsa a Umdurman, cikin ƙasar Sudan, yana dako a bakin wani ɗan jirgin ƙasa mai yawo cikin gari. Ya ce sun sha shayi tare, Haruna ya tambayi kowa da kowa, har kukar ƙofar gidanmu, daga ƙarshe ya ce, "Inna tana ko ambatona?" A zaurenmu Alhaji Mati ya faɗi wannan, yana dariya, mu ma muka yi, don kowa ya san amsar. Inna tana bayan danga tana ji. Da ranar kasuwa ta zagayo ta sa aka kora shanunta biyu Dutsin-Ma aka sayar.

Ga wanda bai san ta ba, Inna Bafillatanar Birchi ce, Fillancin ya gudu ya bar ta da kunyar. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Haruna a bakinta ba. In zancensa ya kama sai ta ce "wancan", in ta matsu ta ce "yayanka". Akwai wani Haruna mai gishiri a kasuwar Kurfi, ta gwammace mu sha miya lami da ta ce a je wurinsa. Kunyar ɗan fari kowace uwa tana yi a wajenmu, amma ta Inna har misali mata suke yi da ita.

Muka bi ta Birchi hantsi bai ɗaga ba, muka sha fura a gidan dangi, azahar ta yi mana a Dutsin-Ma inda ayari yake haɗuwa. Madugu ya dubi Inna, ya dube ni, ya ce, "Sani, tsohuwar ga za ta iya kuwa? Gabas hwa ba Katsina ba ce."

Inna ta ce, "Wadda ta bi shanu tun ba a haihe ka ba? Kai dai ka kula da jakinka, na ga shina ɗingishi."

Aka yi dariya, madugu ya je ya duba, jakin kuwa da gaske ƙaya ce a kofatonsa. Bai sake tambayar ƙarfinta ba.

Kano zuwa Lubayya

Ba zan gajiyar da ku da zango-zangon wannan tsakani ba, duk wanda ya yi gabas ya ba ku labarinsa. A Kano muka sayi takalman fata da busasshiyar kuka da daddawa, don an ce gaba babu. Daga nan muka miƙa ƙasar Barno. A Yarwa aka tsare mu aka yi mana lamba a hannu saboda agana, aka ba mu takardar hanya. Malamin da ke rubutu ya tambayi Inna ko tana da wani nata a can gaba. Ta ce akwai. Ya ce wa? Ta nuna ni da haɓa ta ce, "Yayan wanga." Ya ɗaga alƙalami yana jira, ita ma tana jira, har na gaji na faɗa masa da kaina.

A Fallomi muka shiga hannun Faransi, aka karɓi kuɗin fito, aka kwance mana kaya ana cakuɗa kuka da gari. A ƙasar Wadai guzuri ya yi ƙasa, muka tsaya muka yi damina guda, ni ina noman ƙodago, Inna tana kaɗi tana sayar da zare. Daga Abashe zuwa Fashir yashi ne da ƙishirwa, ruwa a cikin kogon kuka ake sayar da shi. A nan ƙafafun Inna suka fara kumbura, ta yarda ta hau jakin, abin da ta ƙi yi tun daga gida.

A Lubayya muka tarar da jirgin ƙasa. Na sayar da jakin, kuma sai da na juya baya da mai sayen zai ja shi, don ya yi mana halacci. Muka shiga taragun talakawa, mutum kan mutum, kwando kan kwando. Inna ta riƙe gefen benci da hannu biyu har muka ƙetare wani babban kogi, sannan ta saki, ta ce ashe abin ba ya jefar da mutum.

Hartum da Umdurman

Da hantsi muka sauka Hartum. Gari uku ne suke kallon juna ta kan ruwa: Hartum ta Turawa da ofisoshi, Bahri ta ma'aikata a ƙetare, sai Umdurman ta kasuwa da jama'a a ɗaya ƙetaren. Duk baƙin fatar da ya fito daga wajenmu, Bakatsine ne ko Babarbare, sunansa ɗaya a can, Takari ko Fallata.

Muna fitowa tasha masu hayar jakuna suka yi mana caa. Wanda na fara tambaya ya yanka mini kuɗin da zai ciyar da mu kwana biyu. Ina cikin ciniki da hannu, don Larabcina na allo bai yi mini rana ba, sai na ji an ce a bayana, "Malam, kada ka yarda, yankan baƙo yake maka." Na waiga na ga wani dattijo da awon tela a wuya. Malam Bawa ke nan, Bakano, ya daɗe a Umdurman yana ɗinki, ya zo karɓar yadi a tasha. Shi ya zama mai masaukinmu, Allah ya saka masa.

Ya ce, "A garin nan talaka turmai yake hawa."

Inna ta ce, "Turmi? Turmi ake hawa nan?"

"Turmai, Hajja. Ga shi can tafe."

Ga shi kuwa. Ɗan jirgi ne, kansa bai fi rumbu ba, yana tafe a tsakiyar titi yana tari da hayaƙi, yana jan taragai marasa bango, benci-benci a jere da rufi a sama. Inna ta ƙare masa kallo ta ce to ai sunan ya dace, ji yadda yake daka. Har muka bar ƙasar turmi take ce masa.

Bari in faɗa wa masu niyyar gabas abin da Malam Bawa ya koya mini, don zai rage musu asara. Kujerun turmai iri biyu ne, masu katifa na Turawa da manyan ma'aikata, da na katako namu. Na katako tarifa ake biya, wato rabin girshi, girshi kuwa shi ne ɗan kuɗin da za ka ci wake da gurasa ka ƙoshi. Mai karɓar kuɗi kumsari ake ce masa, zai yago maka 'yar takarda, kada ka yar, kada kuma ka naɗe goro da ita kamar yadda na yi ranar farko, don akwai mai bi yana dubawa, in babu sai ka sake biya. Kada ka zauna kusa da kan jirgin, tartsatsi ya yi wa rigata ta sallah huji uku. Mata da tsofaffi ake bar wa benci in an cika, maza su tsaya a kan matakalar gefe su riƙe ƙarfe. In za ka sauka ka ce "nazil" da ƙarfi, in ka tsaya sallama da neman izini irin namu, sai ka ga unguwarku ta wuce.

Turman Hartum ya kai mu inda koguna biyu suka haɗu, fari da baƙi. A lokacin ba gada, sai jirgin fito, shi ma kuɗinsa kaɗan ne in ka zauna ƙasa tare da awaki. Muka ƙetare zuwa mashigin Umdurman da ake kira Murada, muka sake hawa wani turmai zuwa babbar kasuwa. Gidan Malam Bawa yana bayanta, cikin unguwar mutanenmu. Matarsa ta kawo mana kisira, wata waina ce sirara kamar ganye, da miyar kuɓewa busasshiya. Inna ta ci loma biyu ta ce tsami, ta ciro daddawarta.

Neman Haruna

Washegari muka fara. Layin Umdurman ɗaya ne, daga Murada a bakin ruwa ya ratsa kasuwa ya ƙare a wata unguwa ta arewa da ake kira Abu Ruf. Tunda an ce a bakin turmai yake dako, muka ce ba inda za shi. Kullum bayan karin kumallo sai mu hau, a kowace matsaya in sauka in tambayi 'yan dako, Inna tana zaune tana duban fuskoki. Na so ta riƙa hutawa a gida saboda ƙafafunta, ta ce, "Kai ka san shi? Kana ɗan ƙanƙane ya tahi. Ni zan gane shi ko cikin duhu." Gaskiyarta, ni ban riƙe kamanninsa ba.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yawan Haruna a Umdurman. Akwai Haruna mai ruwa, da Haruna mai yankan farce, da Haruna Dogo, da wani Haruna da ya koma Harun ya daina jin Hausa. 'Yan dako ba su da wurin zama ɗaya, yau Murada, gobe Bahri, jibi an ɗauke su sauke jirgin hatsi. Wannan ya ce ya san shi, bai daɗe da ganinsa ba. Wancan ya ce ai ya koma ƙetare. Muka bi maganarsa muka ƙetare Bahri, fito biyu da turmai biyu, muka dawo da yamma ba mu samo komai ba sai ciwon kai.

Rannan aka kawo mana wani har gida, ana murna an samo shi. Dogo ne, da zanen Gobirawa har kunne. Inna ta ɗaga ido sau ɗaya ta ce, "Ba shi ba ne." Mutumin ya durƙusa ya gaishe ta duk da haka, ya ce, "To Inna, ki karɓe ni hakanan mana. Tawa uwar tana Tsibiri, ban san ko tana da rai ba." Ta sa aka zuba masa tuwo da miyar kuka ta gida. Yana ci yana share ido, ita kuma ta juya tana gyaran zare.

Kumsarin da muka fi haɗuwa da shi wani siririn Balarabe ne mai haƙorin zinariya. Da ya gane abin da muke yi, sai ya daina jiran mu ce nazil, ya riƙa riƙe jirgin har Inna ta sauko da ƙafa biyu. In ya gan mu sai ya ce, "Hajja, ligitu?" wato kin same shi? Ita kuma ta ce masa da Hausa, "Da saura." Haka suke hirarsu kullum, ba mai jin na wani.

Lokacin tashin ayarin Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda, ya matso. Malam Bawa ya ce in muka bari ya wuce sai wata shekara. Na faɗa wa Inna. Ta ce, "Mu ƙara kwana kaɗan."

Ranar da muka gan shi

Ranar kasuwa ta cika, da hantsi, muka taso daga Murada za mu Abu Ruf. Turmai ya cika maƙil. Na samar wa Inna wuri a ƙarshen benci ta hannun hagu, kusa da wata mata mai tallan ƙosai, Bahaushiya haihuwar can, ba mu santa ba. Ni kuma turereniya ta kai ni matakalar dama, na riƙe ƙarfe ina kallon shaguna. Tsakanina da Inna mutane ne da kwanduna da wani mai buhun gawayi.

Kafin kasuwa akwai inda layin ya rabu biyu, don mai hawa da mai gangara su ba juna hanya. Namu ya shiga ya tsaya yana huci. Can sai mai zuwa Murada ya iso ta hagu, ya rage gudu, ya tsaya daura da namu. Ni ban ga komai ba, bayana na ba shi. Abin da ya faru daga bakin mai ƙosai na ji shi daga baya, don Inna ba ta taɓa ba ni labarin da kyau ba.

Ta ce tsohuwa ta zabura ta kama mata hannu har ƙosai ya zube. A ɗaya jirgin, taku kaɗan tsakani, wani mutum yana zaune da ƙunshin kaya a cinya, ya ɗan juya yana magana da na kusa da shi, wuyansa a karkace gefe guda. Haka mahaifinmu yake karkata wuya in yana sauraro. Inna ta buɗe baki za ta kira shi, sunan ya ƙi fita. Sai ta ce, "Kai! Kai wancan!" A cikin wannan hayaniya wa zai waiga don an ce kai?

Mai ƙosai ta ce, "Hajja, wa kike kira? Faɗi sunansa in ƙwala masa, ni muryata tana kaiwa!"

Inna ta ce, "Wancan, mai ƙunshi."

"Masu ƙunshi ai sun fi goma! Sunansa, Hajja, sunansa!"

A nan ne na ji muryar Inna, irin wadda ban taɓa jin ta ɗaga ba tun da aka haife ni. "Yayan Sani! Yayan Sani!"

Na saki ƙarfe na kutsa. Na taka ƙafar wani, na ture buhun gawayi, ana zagina da Larabci. Kafin in kai hagu ɗaya jirgin ya yi kururuwa ya ja. Na ƙwala, "Haruna! Haruna na Kurfi!" amma kan namu ma ya amsa da tasa kururuwar, ta haɗiye muryata. Na yi tsalle na dira na bi shi da gudu, takalmi ɗaya ya fita. Turmai ba ya sauri, yaro ma yana iya kama shi in ya taso tare da shi, amma ya riga ya ba ni rata, ga jakuna da raƙuma sun rufe titi. Na ga bayan kawunan mutane cikin hayaƙi, ban ma san wanne ne nasa ba.

Na dawo na tarar kumsari mai haƙorin zinariya ya riƙe jirgi, ya sauko da Inna. Tana tsaye a rana, mayafi ya zame, tana kallon inda layin ya tafi. Wannan karon ban tsaya cinikin jaki ba, abin da mai shi ya faɗa na ba shi, na ɗora ta muka gangara Murada. Muna isa jirgin fito yana tsakiyar ruwa.

Akwai wani mai goro a mashigin, Bazazzagi, wanda na sha tambaya yana ce mini bai tabbata ba. Ya gan mu ya dafe kai. Ya ce, "Yanzun nan wani Haruna Bakatsine ya yi mini sallama, ya sayi goro na hanya. Da ma Harun Katsina ake ce masa, ya jima a Bahri, shi ya sa na sha'afa. Wani ɗan kwangila ya kwashe su, su da yawa, jirgin ƙasa na azahar za su shiga."

Na ce, "Zuwa ina?"

"Wasu sun ce gonakin auduga, wasu sun ce aikin datse kogi a kudu. Ban riƙe ba, wallahi."

Muka jira fito ya dawo, muka ƙetare, muka hau turman Hartum, yana tsayawa a kowace matsaya kamar da gayya. Da muka kai tasha sai shara da masu shara. Jirgi ya tashi.

Da la'asar muka koma gida. Muna cikin turmai muka zo wurin nan mai layi biyu. Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sunan ya zo har nan," ta taɓa maƙogwaronta. "Nan ya tsaya." Na yi baƙin ciki a rayuwata, na binne uba, na binne ɗiya, amma ban taɓa jin abin da na ji a wannan benci ba.

Kudu, Makka, da komowa

Muka bar ayarin Sawakin ya tafi. Na bar Inna wurin matar Malam Bawa na bi jirgi kudu, na shiga gonakin auduga sansani-sansani, na je wurin aikin kogin inda mutanenmu suke ɗaukar dutse kamar tururuwa. Na sami Haruna huɗu, ba nawa a ciki. Wani ya ce an raba ayarinsu, rabi an yi da su gabas wajen iyakar Habasha. Na bar saƙo a bakin duk wanda na gani, na dawo na yi dako ni ma a Murada har shekara ta zagayo, ko zai ɓullo. Inna kuwa ba ta sake hawa turmai don nema ba. Takan zauna a ƙofar gida inda ake jin kururuwarsa.

Da lokaci ya yi muka tafi Sawakin, aka tsare mu a killace saboda cuta, muka ƙetare bahar zuwa Jidda, Allah ya nufe mu da sauke farali. Wannan babban rabo ne, ba na raina shi. A dawowa muka sake kwana gidan Malam Bawa, ba labari. Ya rako mu tasha ya ce in Haruna ya ɓullo, ko kuɗin ɗinkinsa ne zai sa ya turo shi gida. Muka sake bin hanyar da muka zo, Inna a kan wani jakin, ta rame, ta rage faɗa, har na riƙa tsokanarta don in ji ta mayar.

Dutsin-Ma zuwa Kurfi

Ranar kasuwa muka shigo Dutsin-Ma, labari ya riga mu isa gida. Tun daga Birchi ake tarbarmu, muka shiga Kurfi da la'asar ana guɗa. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa madugu, da Malam Bawa da iyalinsa, da kumsarin da ban san sunansa ba, da mai ƙosan da ban biya ta ƙosanta ba. Wanda ya ba mu ruwa a hanya, Allah ya shayar da shi.

Kwana uku gida cike da masu barka. Maza suka tambaye ni, na faɗa musu yadda aka yi, su kuma suka kai wa matansu. Ranar ta uku na shiga cikin gida na tarar tsofaffin unguwa sun kewaye Inna, wata tana cewa, "Kun ji hali! Shekara da shekaru ba ta ga ɗa ba, ta gan shi ido da ido, ba ta kama sunan ba. Wa zai iya in ba ita ba?" Sauran suna, "Wallahi kuwa. 'Yan yanzu su zo su koyi kunya." Yabo suke yi da zuciya ɗaya. Inna tana zaune da tasbaha, kanta a ƙasa, har suka gaji suka watse.

Matata Hajara tana tankaɗe a gindin turmi. Ɗanmu na fari, wanda na bari yana rarrafe, ya yi wayo, yana bakin ƙofa yana wasa da ɗan akuya. Inna ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Hajara, kira mani yaron ga."

Hajara ta ce, "Kai! Zo, ana kira."

"Ba haka ba. Da sunanshi."

Hajara ta saki rariya ta rufe fuska da gefen zane tana dariya. "Haba Inna! A ji ni? Ai sai a yi da ni cikin gari."

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Bari a yi da ke. Ki koya tun shina kusa."

Hajara ta dube ni, na kau da kai. Yaron yana ta wasansa, bai san da shi ake ba.